Anko Ɗaya, Launi Biyu: Abin da Idon Kyamara Ke Yi wa Hoto

Bayan an haƙe citta an shanya, kuɗi sun fara shiga hannun mutane, sai bukukuwa su kankama a Kagarko da Kubacha da Jere. A wani biki irin wannan ne na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Masu hoto biyu aka ɗauko, ɗaya ɗan gari, ɗaya kuma dangin ango suka zo da shi daga Kafanchan. Kyamarorinsu iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, har lamba ɗaya. Ankon 'yan matan amarya launin shunayya ne mai duhu. Kwana huɗu da kai amarya hotuna suka fara yawo a WhatsApp, nan fa magana ta tashi. A hotunan baƙon, ankon ya fito da ƙarfinsa, ya ɗan karkata zuwa ja. A na ɗan gari kuwa ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi, kamar atamfar da ta sha wanki shekara biyu, fuskokin 'yan matan ma kamar an barbaɗa musu toka.

Uwar amarya ta sa aka kira ɗan garin. "Ɗan nan, wannan ai ba ankon da muka saya ba ne." Ya durƙusa ya ce, "Wallahi Mama, ba laifina ba ne. Lens ɗin baƙon ne ya fi nawa tsada."

Ya faɗi gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa. Idon kyamara, wato bututun gilasan nan da ake ɗaurawa a gabanta, wanda masu sana'ar ke kira lens, yana taɓa launi ba shakka. Amma hanyar da aka fi surutu a kanta ita ce mafi sauƙin gyara, wadda ta fi ɓarna kuma galibi ba kuɗi ne maganinta ba.

Kafin a kai ga gilashi sai an san abin da ke bayansa. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar dijital, sensa, makahon launi ne. Iyakar abin da ya iya shi ne ƙirga yawan hasken da ya faɗo kan kowane ɗigo nasa. Don a samu launi sai aka lulluɓe ɗigogin da ƙananan matatai, ja da kore da shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976: cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Kwamfutar cikin kyamara ce ke haɗa lissafin ta yanke cewa nan shunayya ne, can ruwan goro. Ke nan launi a hoton dijital rabo ne tsakanin lambobi uku, kuma duk abin da ya tauye ɗaya ko ya ƙara wa wani kafin haske ya iso, ya sauya launi. Shunayya ta fi kowane launi saurin tona asiri, domin gaurayen ja da shuɗi ce, launuka biyu da ke zaune can gefe da gefe na abin da idon mutum ke gani, shuɗi wajen nanomita 450, ja wajen 650. Ka ɗan rage shuɗin ta koma ruwan hanta, ka rage jan ta koma shuɗiya.

To, gilashi kansa ba fari tas ba ne. Ɗauki gilashin taga ka duba shi ta gefe, ta kaurinsa, za ka gan shi kore; ɗan ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka ne ya ba shi wannan launi. Gilashin kyamara an tace shi daga wannan, amma yana da nasa halin. Don ya lanƙwasa haske sosai akan zuba masa sinadarai masu nauyi, dalma a da, yanzu kuma irin su lantanam da titaniyam, kuma irin wannan gilashi yakan shanye kaɗan daga shuɗi. Abin da ya wuce sai ya ɗan yi rawaya, shi ne masu hoto ke cewa idon yana da ɗumi. Har ma'aunin duniya akwai a kan haka, ISO 6728, wanda ya ɗauki lambobin 0/5/4 na shuɗi da kore da ja a matsayin halin matsakaicin ido, wato an riga an yarda cewa ido na ƙwarai ma yana ɗan cin shuɗi. Wanda ya fi fitowa fili shi ne tsofaffin idanu na shekarun 1960, kamar Super-Takumar 50mm f/1.4 na kamfanin Asahi na Japan, da aka sa wa gilashinsa sinadarin toriyam. Da shekaru suka ja sai gilashin ya rine kamar ruwan shayi. Samarin da ke sayen irin waɗannan na gwanjo suna ɗaura su a sababbin kyamarori sun san wannan rawayar, wasu ma don ita suke saye.

Wannan rini shi ne ake ta musu a kansa, wane kamfani ya fi ɗumi, wane ya fi sanyi, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kowace kyamarar dijital tana da saitin fari. Aikinsa shi ne ya ninka lambar ja da ta shuɗi har sai farin abu ya fito fari. Idan ido ya ci shuɗi kaɗan, sai a ƙara wa shuɗi kaɗan, magana ta ƙare, musamman ga wanda ke ɗauka a RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta riga ta dafa ba. Kuma rinin gilashi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da sauyin haske. A ma'aunin launin haske, hasken rana tsaka wajen Kelbin 5,500 yake, ƙwan lantarki irin na da mai zare wajen 2,700, inuwar gini a rana mai garau kuma takan haura 7,000. Amarya ta taka daga rana zuwa ƙarƙashin mangwaro, launin fuskarta ya sauya fiye da yadda sauya ido daga wani kamfani zuwa wani zai sauya shi. Waɗanda rinin ke damu da gaske su ne masu fim. A Kano, mai ɗaukar shiri yakan sauya ido sau uku a fitowa ɗaya, in kuwa kowane ido da nasa launi, fuskar jaruma za ta riƙa sauyawa daga yanka zuwa yanka, mai tace hoto ya kwana yana gyara. Shi ya sa kamfanoni irin su Cooke na Ingila da Zeiss na Jamus ke sayar da idanun fim a jere, an daidaita launinsu tun daga masana'anta, da tsadar da ta dace da hakan.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga hasken da ya ɓata hanya. Duk inda haske ya fita daga iska ya shiga gilashi, ko ya fita daga gilashi ya koma iska, wajen kashi 4 cikin 100 nasa ba ya wucewa, dawowa yake yi baya, shi ya sa kake ganin fuskarka a gilashin mota. Idon kyamara kuwa ba gilashi ɗaya ba ne. Canon EF 50mm f/1.8, wanda masu hoton biki ke ji da shi, gilasai 6 ne a rukuni 5, fuskoki 10 ke nan da ke haɗuwa da iska. Mai zuƙowa na 18-55mm IS II da ke zuwa tare da ƙananan kyamarorin kamfanin, gilasai 11 ne a rukuni 9, fuskoki 18. Da a ce tsirara aka bar gilasan, na farkon kashi biyu cikin uku na haske kawai zai wuce da shi kai tsaye, na biyun ko rabi ba zai kai ba. Da a ce ragowar ɓacewa yake yi, da da sauƙi. Ba ya ɓacewa. Wani ɓangare nasa yakan yi ta bugawa tsakanin gilasai, gaba da baya, daga ƙarshe ya zube kan sensa ko'ina, ba tare da ya ɗauko siffar komai ba.

Ga abin da yake yi wa launi, da lambobi na misali. A ce ɗigon da ya kalli ankon nan ya ƙirga ja 20, kore 4, shuɗi 16. Ƙarancin koren shi ne ƙarfin shunayyar. Yanzu ɓataccen haske ya zuba 5 a kan kowanne: ja 25, kore 9, shuɗi 21. Da ja ya ninka kore sau biyar, yanzu ko sau uku bai kai ba. An tsinka zoɓo da ruwa ke nan. Farar shaddar ango da ke ƙirga 90 ta koma 95, ba wanda zai lura. Wato ɓataccen haske masu duhu yake zalunta, kuma a nan maganar ta shafe mu kai tsaye. Kyan baƙar fata a hoto yana cikin ƙananan lambobi ne, ɗan jan da ke ƙarƙashin kunci, sheƙin goshi, bambancin wuya da haɓa. Su ne farkon nutsewa. Tokar da aka gani a fuskokin 'yan matan amarya daga nan ta fito. Saitin fari kuma ba ya cire ta, domin shi ninkawa ya iya, wannan kuwa ƙari ne aka yi. Ana iya danne duhun a kwamfuta a rage hazon, amma hoton yakan fito da ƙura-ƙura, launin kuma ba ya dawowa yadda yake.

Maganin da masana'anta suka samo shi ne shafe. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a garin Jena ya yi rajistar hanyar shafa wa gilashi wani siririn rufi, kaurinsa wajen nanomita 100, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Hasken da ya dawo daga saman rufin da wanda ya dawo daga ƙasansa sai su kashe juna, hasken ya wuce gaba. Shafe ɗaya launi ɗaya yake yi wa aiki sosai, galibi kore, shi ya sa tsohon ido ke ƙyallin shunayya ko shuɗi idan ka karkata shi a rana: launukan da shafen bai kama ba ne ke dawo maka. A 1971 Asahi ya fito da shafe mai hawa bakwai da ya kira SMC, sauran kamfanoni suka bi da nasu, asarar kowace fuska ta sauko ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. A nan ne tsada ke da hujja. Ido mai tsada yakan zo da shafe mai kyau, an baƙanta cikin bututunsa da gefunan gilasansa da kyau, launinsa ya fito a cike ko da fitila na gabansa.

Sai dai shafen da aka yi a Japan bai san hanyar Jere zuwa Kwoi a watan Janairu ba. Mai hoto ya hau babur da kyamara a wuya, ba murfi, ƙurar hunturu ta kwanta a gilashin gaba. Ya isa wurin biki ya hura da baki ya goge da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, kowace guga tana karce shafen, shekara biyu sai ka ga tsakiyar gilashin ya dushe. Damina ta zo, kuma kudancin Kaduna ba Katsina ba ne, ruwa yakan kai wata shida yana zuba. Aka jefa kyamara cikin jaka aka tura ƙarƙashin gado, sai fumfuna ta tsiro a cikin gilasan kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe har ta cinye shafen. Sannan ga filtar kariya da ake ɗaurawa a gaba, wadda mai shago ya ba da kyauta ko aka saya da kuɗin kati. Fuskoki biyu ne aka ƙara, sau da yawa ba shafen kirki a kansu. Araha ba ta ado. Ita kuwa hular ido, baƙar robar nan da ke tare hasken gefe, ko dai ta ɓace tun bikin farko, ko ka gan ta an juya ta baya kamar hular ɗan ƙwallo, tana zaune ba ta aikin komai. Ido mai tsada da ya sha wannan wahala, mai arha da aka kula da shi ya fi shi launi nesa ba kusa ba. Kamar yanar ido ce a jikin dattijo: ba launin duniya ne ya sauya ba, hazo ne ya shiga tsakani.

Akwai kuma wata illa da ke bayyana a bakin abubuwa kawai. Ka ɗauki hoton mutum cikin farar babbar riga a filin idi, ka zuƙo a allo, sai ka ga wani siririn zare shunayya ko kore yana bin gefen rigar. Haka ganyen bishiya idan farin sama na bayansa. Dalili shi ne gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida, shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa, don haka ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Abin da ke haifar da bakan gizo ke nan, wanda Kamaluddin al-Farisi ya bincika a farkon ƙarni na 14 da ƙwallon gilashi cike da ruwa, Isaac Newton kuma ya warware farin haske zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku a 1666. Newton ya ɗauka ba a iya gyara wannan a gilashi. Wani lauya Bature, Chester Moore Hall, ya nuna ana iyawa wajen 1733, ta haɗa gilasai iri biyu da kuskuren ɗaya ke goge na ɗayan, John Dollond kuma ya yi wa dabarar rajista a 1758. Daga baya Ernst Abbe da Otto Schott suka buɗe masana'antar sababbin gilasai a Jena a 1884, Canon kuma ya sa lu'ulu'un fulorait na haɗi a idon 300mm a 1969. Alamun ED da UD da APO da kake gani a jikin idanu duk labarin wannan yaƙi suke bayarwa. A aikace zaren iri biyu ne. Wanda ke ƙaruwa can gefen hoto, kyamarorin yanzu da manhajojin gyara suna share shi da dannawa ɗaya. Wanda ke fitowa ko a tsakiya idan an buɗe ido gaba ɗaya, shunayya a gaban inda aka saita, kore a bayansa, shi ne mai taurin kai. Maganinsa a rage buɗin, daga f/1.8 zuwa f/2.8 ko f/4. Masu son bayan amarya ya narke ba sa son jin haka, amma sarƙar gwal da duwatsun leshi su ne farkon masu ɗaukar wannan zare.

Mafi yawan hotunan Kagarko dai ba da irin waɗannan kyamarori ake ɗaukarsu ba, da waya ne, kuma wasu ba na ado ba ne, na ciniki ne. Mai citta ya ɗauki hoton tsagaggiyar busasshiyar cittarsa ya tura wa mai saye a Kano ko Legas, shi kuma launi yake fara dubawa, mai haske ce ko ta yi duhu. Idon waya ƙananan robobi ne da aka zuba a ma'auni, biyar zuwa bakwai a jere, dab da sensa, har hasken gefe yakan faɗo a karkace ya sa kusurwoyin hoto su yi kore-kore ko ruwan hoda. Manhajar wayar ce ke ɓoye wannan, ita ce kuma ke yanke yawancin hukuncin launi. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya ci kasuwar Afirka da abubuwa da dama, ciki har da saita kyamara don baƙar fata, Google ma ya fito da nasa tsarin, Real Tone, a wayar Pixel 6 a 2021. Duk wannan aikin lissafi ne, ba na gilashi ba. Abin da ke hannun mai waya shi ne murfin gilashin baya, wanda ke kwana da maiƙon yatsa da ƙurar aljihu. Goge shi da tsumma mai laushi kafin ɗauka, a shimfiɗa cittar a inuwa mai haske kusa da farar takarda, ya fi sauya waya amfani.

Kada kuma a ɗora wa ido laifin da ba nasa ba. Rumfar biki ja ko shuɗiya rina duk wanda ke ƙarƙashinta take yi. Jar ƙasarmu tana mayar da jan haske zuwa haɓa da wuya. Ciyawar damina tana zuba kore. Matan zumunta da suka jeru cikin coci da zanensu iri ɗaya, rabi a hasken taga rabi a hasken ƙwan LED, dole zanen ya fito launi biyu a hoto guda. Ko manyan kamfanoni sun taɓa tuntuɓe a wurin da ba gilashin ido ba: Leica M8 ta 2006 ta fito da matatar da ke gaban sensa mai rauni wajen tare hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani, baƙaƙen yadudduka na roba suka riƙa fitowa shunayya, har kamfanin ya raba wa masu saye filtoci. Bayan duk wannan ga allon wayar mai kallo, ga injin wanke hoto, kowanne da nasa ra'ayi.

Shi ɗan garin nan, da muka zauna a shagonsa na karɓi idon na cire murfin gaba da na baya, na haska fitilar waya ta ƙasa muka leƙa ta sama a karkace. Ga zaren fumfuna ya mamaye gefe ɗaya na gilashin ciki, ga filta duk karce, hula kuwa ya ce tun bara ba ya tare da ita. Da muka duba hotunan, yawancinsu yana fuskantar rana ne da la'asar, farin hazon hunturu ya cika sama, baƙon kuma ya ba rana baya. Shuɗin ma ba daga gilashi ya zo ba. Ya bar saitin fari a hannun kyamara, ita kuma da ta ga jar ƙasa da rumfa ruwan ɗorawa sun cika hoto sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta ƙara shuɗi. Muka kwance filtar, muka shimfiɗa ƙyallen ankon a inuwa kusa da farar takarda, muka saita fari a kan takardar, ya ɗauka da tafin hannunsa yana yi wa gilashin rumfa. Shunayyar ta dawo, ba duka ba, domin fumfunar sai mai gyara ya buɗe, amma ta dawo yadda Mama za ta gane ankonta.

Wanda ke shirin zuwa Kagoro bikin Afan ranar 1 ga Janairu, ko yake da bukukuwa a gabansa wannan hunturu, ya yi wannan gwajin na fitila tun yau. Ya nemi hula ya ɗaura ta daidai, ya sayi 'yar robar hura iska don kakkaɓe ƙura kafin tsumma ya taɓa gilashi, ya ajiye idanunsa cikin roba mai murfi tare da ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ya riƙa yawo da farar takarda a jaka. In ya yi duk wannan launi bai gamshe shi ba, to lokacin ne zai fara tara kuɗin sabon ido.